Loma Biyu

A tashar Mayahi, gab da shingen soja, wani malamin lakwal yana zaune bisa benci, wuyan rigarsa ya sha ɗinki. Ina leƙe ta kafaɗarsa. Takardun ɗalibai yake gyarawa kan wani gajeren labari: miji da mata suna cin tuwo, shi ke nan. Wata ɗaliba ta rubuta, "Ba abin da ya faru."

"Ba abin da ya faru?" in ji shi, ba da ni yake ba. "Loma biyu matar ta yi, ta ce ta ƙoshi."

Sai ya daina rubutu. A cinyarsa akwai ƙullin fura mai nauyi, ɗaurin mace, kuma bana gero bai yi ba. Ina jin tambayar kansa yake me matarsa ta rage wa kanta.