Sarkin da Na Wanke wa Fuska

Ana ta yaɗawa a layinmu wai ɗan kawuna, Mai Agogo, yana da kawunan sarakuna arba'in a durowa, wai duk sati sai ya yi musu wanka da man zaitun yana yi musu magana ƙasa-ƙasa. Matar da ke wanki a bayan shagonsa ta rantse ta ji ɗaya ya yi tari. Ni da na san gidan ciki da bai, bari in gyara zancen. Ba arba'in ba ne, arba'in da uku ne. Man zaitun gaskiya ne. Tarin kuma nasa ne.

Kawunan a jikin kwabbai suke, tsofaffin kuɗin Rumawa da Girkawa, wasu ba su kai maɓallin riga ba. Abin ya samo asali ne shekara ashirin da suka wuce, ranar da wani tsohon malamin tarihi ya kawo gyaran agogo, ya ba shi kwabo ɗaya tukuici. Yaya, kamar yadda nake kiransa, ya maƙala gilashin aikinsa a ido, ya ga wani mai dogon hanci yana hararar gefe. Tun daga nan muka rasa shi. Kowane kwabo da gurbinsa a faranti mai ƙyalle, da 'yar takarda a ƙasa mai sunan sarkin. Matarsa ta ce ya san ranar mutuwar kowannensu, amma ranar aurensu sai an tuna masa.

Sai dai akwai ɗaya da ya ƙi nuna fuska. Ya zo ta gidan waya kamar busasshiyar laka. Yaya ya jiƙa shi a kwalbar mai wata takwas, kullum bayan la'asar ya ciro, ya ɗan taɓa da tsinken sakace, ya mayar. Kunne kaɗai ya fito. Ga shi yanar ido ta fara rufe masa gani, har agogon hannu ya fara mayar wa masu shi.

"Ni dai in ga ko wane ne kafin idanun nan su ƙarasa rufewa," in ji shi.

"Yaya, a tafiyar nan taka sai jikokinka su ga hanci."

Da aka kwantar da shi za a yi masa aikin ido, tsoro ya kama shi, don likita bai yi alkawarin komai ba. Ni aka bar wa shago. Na dubi kwalbar nan, tausayi ya kama ni. Na ce wallahi ko da rabin ido ya dawo, zai tarar da sarkinsa tsaf. Na samo soson ƙarfe, da lemon tsami, da man goge tagulla. Aikin wata takwas, minti goma na gama. Ya fito yana walƙiya har sai na runtse ido. Lakar ta tafi. Koren da ke jikinsa ya tafi. Kunnen ma ya bi su.

Ashe koren nan da nake kira tsatsa shi ke riƙe da fuskar. Wa ya gaya mini?

Aikin likita ya yi kyau, ido ya dawo tar. Ranar da aka cire bandeji bai ko zauna ba, ya nufi kwalba. Na miƙa masa kwabon a tafin hannu. Ya juya shi, ya sake juyawa.

"Shekara dubu biyu yana cikin ƙasa," in ji shi a hankali. "Ruwa bai ci fuskarsa ba. Sai da ya gamu da kai."

Sati biyu ban leƙa shagon ba. Da na koma, na tarar ya sa shi a faranti, har da takarda a ƙasa. Ganin yana murmushi, sai bakina ya dawo.

"Yaya, ashe idon ya wuce na da, har ka gane sarkin da ba shi da fuska. Wa ye shi?"

Bai ko ɗago daga agogon da yake kwancewa ba.

"Sunanka na sa, ɗan gwaggo. Ga ƙyalli, ga santsi, amma ko harafi ɗaya bai zauna a kansa ba."