Zuwa Sabuwa Kafin Wanzami Ya Buɗe Zabira

Mun tashi da asuba ranar Laraba, ni da maigida, amma motar ba ta bar tashar Ƙanƙara ba sai da hantsi ya ɗaga. Yanzu direbobin hanyar Sheme ba sa fita sai wata mota ta iso daga can, sun tambayi direbanta lafiyar hanya. Muka zauna a benci muna jira, ina ta taɓa takardar asibiti da na naɗe a cikin jaka.

Ƙanwata da ke aure a wani ƙauye bayan Sabuwa ce ta haifi namiji, suna ranar Alhamis. A gidan mijinta, da safiyar suna wanzami ke aske jariri, ya kuma cire masa belu, wato ɗan naman nan da ke reto a maƙogwaro. Mu ba a yin haka a gidanmu, haka ma gidan maigida, kuma da wannan Allah ya tsare mini ɗana Abba. Bara ya faɗi ya fasa leɓe, jini ya kwana biyu yana tsayawa yana dawowa. A asibiti aka gano jininsa ba ya daskarewa yadda ya kamata, ciwon da suke kira himofiliya. Likitar ta ce ta wajen uwa yake biyowa ya kama 'ya'ya maza, ta tambaye ni ko an taɓa rasa namiji a ɗakinmu ta hanyar zubar jini. An rasa. Yaya Lawal, bayan kaciya, ina ƙarama. Ta ce to duk ɗan da ƙanwata za ta haifa, kada ƙarfe ya taɓa shi sai an gwada.

Na kira ƙanwar tawa tun ranar haihuwa. Ta ce, "Yaya, ni mi zan ce? Baba ya ce kowa a gidan nan an cire mashi." Baba shi ne surukinta. Irin wannan magana ba ta waya ba ce.

Daga Ƙanƙara zuwa Sheme motar shiru take. Dawa ta nuna a gonakin bakin titi, amma can ciki akwai gonakin da ciyawa ta cinye, da gidajen da aka kwashe musu kwano. Wani dattijo a gaba yana ta jan addu'a da ƙarfi muna amsawa. Muna shiga Sheme ya shafa, ya juyo ya fara faɗa da mai kajin da ke bayansa, wai tun tasha zakara ke saran masa hula.

A Daudawa, cikin ƙasar Faskari, muka sauya mota. Maigida ya sayo ƙosai, wanda ya ƙanƙance har sai ka haɗa biyu kafin baki ya san an sa masa abu. Ina ci ina kallon masu lodin masara. Buhu yana tafiya daga rumfa zuwa mota a kan mutum, amma a bakin rumfar akwai wani da ba ya zuwa ko'ina. Aikinsa ya kama kunnen buhu, ya daidaita shi a kan mai ɗauka. Da ya tafi shan ruwa sai lodi ya kusa tsayawa, ƙarti suna ta kokawa da buhu ɗaya.

Nan na gane wani zane da likita ta yi mini a asibiti. Ta ce a cikin jini akwai furotin iri-iri da aka sa wa lamba, suna yawo kamar masu barci. Idan jijiya ta yanke, wasu ƙananan ƙwayoyin jini ne ke fara rugawa su toshe bakin, toshiyar wucin gadi. A jikin waɗannan ƙwayoyin ne furotin ɗin ke haɗuwa. Na tara yana ɗan yankar wani gefe a jikin na goma, da wannan yankan na goma ke farkawa. Shi kuma ya tada na gaba, wanda ke mayar da wani furotin zare-zare, su saƙu kamar raga su ɗaure toshiyar. Na takwas ba ya yankan kowa. Shi dai ya manne wa na tara, ya riƙo na goma, ya daidaita su baki da baki. In babu shi aikin na tafiya, amma da jan ƙafa, har toshiyar farko ta ɓalle raga ba ta samu ba. Na takwas ɗin ne ya yi wa Abba ƙaranci. A makaranta an koya mana jini na daskarewa, ba a ce mana aikin gayya ba ne.

Hanyar Ɗandume zuwa Sabuwa sai haƙuri. Itatuwa sun fi namu yawa da tsawo, ƙasar ja, ramuka kuwa direba ba ya kauce musu, zaɓa yake yi. Daga Sabuwa babur muka hau, muka isa bayan la'asar. Mai jego lafiya, jariri jajir, mai yawan gashi. Aka kawo kunun kanwa da tuwon masara miyar kuka. Maigida ya nemi ganin Baba, aka ce sai da safe.

Da safe, bayan an raɗa suna an yanka rago, wanzami ya shimfiɗa buzunsa a zaure, ya ajiye zabirar asakensa. Tsoho ne, haƙoransa ja da goro. Na sa hijabi na durƙusa daga bakin ƙofa, maigida ya gabatar da ni, na yi bayani na miƙa takarda. Baba bai karɓa ba.

Ya ce, "Ɗiyata, Allah ya ba yaronki lafiya. Amma wannan jininmu ne. Ubanshi an cire mashi, ni an cire mani, ubana an cire mashi. Mu ba mu da wannan ciwon."

Na ce, "Baba, ba ta wajenku ba ne. Ta wajenmu ne."

"Yaro da gidan ubanshi?"

Na kawo misalin masu lodin masara. Ya saurara har ƙarshe, ya ce misali ya yi kyau, amma belu in an bar shi, shi ke hana yaro shan nono. Daga cikin gida ina jin an fito da jariri.

Wanzami, wanda tun ɗazu yake wasa aska a tafin hannu, ya ce, "Hajiya, shi yayan naku, jinin zuba ya yi ta yi, ko tsayawa ya yi?"

Na ce, "Ya tsaya. Har an yi barka. Da yamma ya dawo."

Ya daina wasa askar. Ya ce, "Ya dawo." Ya juya wajen Baba. "Alhaji, na taɓa ganin irin shi sau ɗaya, ina bin mahaifina da zabira. Ba garin maganin da ba mu barbaɗa ba. Tun ranar ya ce mani, kafin ka taɓa yaro, tambayi kawunnanshi na ɗakin uwa. Ni ne na yi sakaci yau ban tambaya ba."

Baba ya ce, "Kai da ka cire wa gidan nan kaf, yau tsoro kake ji?"

"Ina ji mana. Kai rago ka yanka, ni ɗan mutum aka miƙo mani. A kai shi a gwada. Amma kason namana yana nan, kada ka ce ban yi aiki ba."

Aka yi dariya, ban da Baba. Ya kalli jaririn, sannan ya miƙo hannu ya karɓi takardar, ya ba ɗansa, uban jaririn, ya ce a tambayi ranar da za a je. Wanzami ya mayar da aska, ya ciro almakashi ya rage gashin sama-sama, ya ɗaure zabira.

Juma'a muka juyo ta Funtuwa da Mairuwa, don an ce hanyar ta fi mutane. Har yanzu ba mu san ko yaron yana da ciwon ba, likita ta ce yana iya samu, yana iya tsira. Abin da na koyo shi ne, mu wajen lissafin dangi uba muke bi, jini kuwa bai manta da uwa ba. Na kuma koyi cewa wani abin da ke cikin takardar asibiti yana nan a zabirar tsofaffi, sai dai ba a tambaya.

Mun iso Ƙanƙara kafin magariba. Na biya ta wajen Inna, mahaifiyarmu, da naman suna a leda. Ba ta tambayi sunan yaro ba, ba ta tambayi hanya ba.

Ta ce, "An taɓa shi?"

Na ce, "Ba a taɓa shi ba, Inna."

Ta ɗauki buta, ta nufi alwala.