Sarƙar da Ba a Ajiyewa

Ana idar da sallar asuba muka bar garin Woodbridge, surukina na tuƙi, da niyyar mu riga ma'aikata hawa babbar hanya ta 95. Ba mu riga su ba. Sa'a biyu muka yi kafin mu kai Lanham. Shayin da muka saya a gidan mai kuwa ruwan zafi ne aka rina, a farashin abincin rana.

Dubiya ce ta kai mu wurin tsohon abokin aikina, mutumin wani ƙaramin tsibiri a gabashin Papua New Guinea. Ranar da na yi ritaya, shekara goma sha biyu ke nan, ya rataya mini sarƙa ta jan ɓawon katantanwar teku, ya ce in riƙe ta na ɗan lokaci. Na ɗauka tawali'u ne irin na mai kyauta. Na adana ta cikin akwatin gilashi a falo, ba baƙon da ya tsira daga jin tarihinta. Domin in faranta masa rai, ranar dubiyar na sako ta bisa babbar rigata.

Matarsa ta kawo doya da kifi cikin ruwan kwakwa, mai daɗi, sai dai ba a gayyaci barkono ba. Shi kuwa idonsa na kan wuyana.

"Alhaji, har yanzu tana wurinka?"

"Ko ƙura ban bari ta taɓa ta ba!"

Ya runtse ido. Matar ce ta warware mini. A tsibiransu irin wannan sarƙa ba ta zama wuri ɗaya. Cikin kwalekwale ake kai ta daga tsibiri zuwa tsibiri, wanda ya karɓa ya rama da farin awarwaro, sannan ya miƙa ta gaba, sunan kowane mai bayarwa yana tafiya da ita. A can gida ana cewa mijinta ya binne sarƙar kakansa, har an daina kai wa ƙannensa komai. Nauyina ne ya hana shi tambaya, ga shi yanzu yana tsoron ya mutu da wannan suna.

Innalillahi! Ni da aka tarbiyyantar a kan cewa mayar da kyauta cin mutunci ne, ashe riƙon nawa ne ya ci mutuncinsa. Na cire ta, na miƙa da hannu biyu. Ya ɗora ta a ƙirji, ya ce ɗan ƙaninsa zai wuce da ita gida ƙarshen wata.

Da la'asar muka dawo. Maiɗakina ta ce a kawar da akwatin tunda ba komai ciki. Na ce a bar shi a falo. Baƙo zai tambaya, ni kuma in gaya masa cewa tun kafin ka adana kyauta, ka tambayi mai ita yadda ake girmama ta a garinsu.