Mawaƙin Faransanci na Basirka

Ɗan'azumi ɗan acaɓa ne a Basirka kafin ya sayar da babur ya tafi Kwatano. Bayan wata bakwai ya dawo da baƙin tabarau da jita mai tsirkiya uku, wai ya zama mawaƙin Faransanci. Ya hana a kira shi Malam, ya ce a can "Mushe" ake ce wa manya. Mutanen gari ba su yi masa gardama ba.

Shekara biyu yana bin gidajen biki daga Zandam har Birnin Kudu, yana lumshe ido yana waƙa ta hanci, ba mai gane ko kalma ɗaya.

A wani biki a Maruta, Malama Hidaya mai koyar da Faransanci ta saurare shi, dariya ta ƙwace mata.

Ta ce, "Bawan Allah, ai rubutun jikin gwangwanin kifi kake rerawa: kifi, mai, gishiri, a ajiye a wuri mai sanyi."

Ya ɗaga kai ya ce, "Naki Faransancin na makaranta ne."

Daga ranar nan, gayyatar biki ta ɗauke masa. Yanzu yana taya wansa noman riɗi, yana faɗa wa kowa Faris ta Faransa za ta neme shi.