Gurbi a Hoton Sallah

Da farko ba wanda ya lura da gurbin sai ni. A hoton Sallar da ke kan kwamfutar, iyali ne tsaye gaban rumbu, amma tsakanin samari biyu an bar fili daidai kafaɗar mutum ɗaya.

Ina zaune a wani shagon hoto a kasuwar Ɗambatta, ina jiran fasfo. Wadda ta kawo hoton dattijuwa ce siririya, hijabinta ya koɗe, hannunta duk kantar taɓarya. Tana tsaye bayan Sama'ilu mai shagon, tana nuni da haɓa.

"Inna, a share rumbun? Ya tsufa."

"Bar shi. Kumatu za ka ciko mana, ni da Malam da yaran."

Sama'ilu ya yi dariya. "Sai ka ce masu cin kaza kullum!"

"Babban za a tura wa, can Aljeriya. In ya ga mun rame, cewa zai yi sai ya ƙara shekara yana nema. Ni kuwa dawowarsa nake so."

Ba ta kama sunansa ba, ɗan fari ne ke nan. Sama'ilu na jan linzamin kwamfutar, ramin wuyanta na cikewa a hankali a cikin hoton. Ina jin ita ta raba samarin nan ranar Sallah, ta ce a bar wa yayansu wuri.

Sai a lokacin Sama'ilu ya lura. "Gurbin fa, a matse shi?"

Ta girgiza kai. Ta sa bakin hijabinta ta goge gilashin kwamfutar, daidai wurin, sannan ta ɗauki ƙwaryarta ta nufi layin masu gero.