Kurar mai ruwa a bidiyon Indiya

Muna idar da sallar asuba ranar Lahadi muka bar unguwarmu Highbridge, ni da maƙwabciyata 'yar Nijar mai shagon atamfa a Fordham Road. Ban haƙuri zan je Queens, ita kuma ta rantse ba za ta bar ni ni kaɗai da wannan bakin nawa ba.

Shekara shida na yi ina kula da wata tsohuwa 'yar Indiya mai bin addinin Hindu, Mama nake ce mata. Ni ke yi mata wanka, in shafa mata man kwakwa a ka. Da azahar ta yi, ita ke nuna min lungun da ke bayan kujerarta in je in yi salla. Ko da aka canja min wurin aiki, duk ƙarshen wata sai na leƙa ta. Rannan aka turo bidiyo a guruf ɗin matan unguwarmu: wuta na ci, mutane na gudu, an ɗora karatun Alƙur'ani a kai, wai 'yan Hindu ne suka ƙone masallaci a Indiya, duk mai kishin addini ya yaɗa. Zuciya ta ɗebe ni, na ƙara da nawa zagin da Turanci, na tura wa kowa a wayata, har da 'yar Mama. Ba ta tanka ba. Wata biyar kunya ta hana ni taka gidan, kewar tsohuwar kuma ta hana ni sukuni.

Dala biyu da saba'in da biyar kowa ta biya muka shiga jirgin ƙasa mai lamba huɗu, cike da masu zuwa aikin safe suna gyangyaɗi. A hanya na gano tsarabar da maƙwabciyata ta ƙunso: dambun nama, za ta kai gidan da ko ƙwai ba a ci! Na ce ashe ni ce zan tsare ta. "Bon, to sai mu cinye abinmu kahin mu isa," in ji ta. Haka aka yi. Mun canja zuwa mai lamba bakwai, wanda ke bi ta saman gidaje, muka sauka Jackson Heights, unguwar su Mama a Queens, inda ƙamshin kori da turaren tsinke ya tarbe mu. Na sayi samosa da mangwaro, tsadar mangwaron sai da ta sa na tuna bishiyar gidanmu.

'Yar Mama ta buɗe ƙofa ba yabo ba fallasa, ta kawo mana shayi mai citta. Na fara kame-kamen ban haƙuri, sai ta ɗauko babbar wayarta ta ce in duba. Bidiyon nan ne dai, babu bambanci, sai dai nasu an ɗora masa waƙar makoki, an rubuta wai Musulmi ne suka ƙone wurin bautarsu. Ta ce kawunta ne ya turo mata kwana biyu kafin nawa, ita ma ta yarda, don ga kekuna masu ƙafa uku irin na ƙasarsu.

Na kashe sautin, na ƙura ido. Kekunan rawaya ne, a-daidaita-sahu. Can gefe ga mai ruwa ya turo kura cike da jarkoki, wani mai hula zanna yana jan buhu daga rumfa. Babu masallaci, babu wurin bauta. Gobarar kasuwa ce, kuma a ƙasarmu. Shekara goma sha ɗaya rabona da gida, aka nuna min shi a tafin hannuna ban gane shi ba, saboda rubutun da ke sama na karanta. Hawaye suka zubo min, na rasa na kunya ne ko na kewa.

Daga nan ta kai ni ɗakin Mama, ta gargaɗe ni cewa mantuwarta ta yi nisa a 'yan watannin nan. Na durƙusa na gaishe ta. Ta dube ni kamar baƙuwa, ta tambayi 'yarta ko wace ce. Na zauna ina shafa mata mai a ka, ba ta hana ba. Da rana ta take, sai ta dubi taga, ta dubi mayafina, ta ɗaga hannu ta nuna bayan kujerarta. Na tashi na yi azahar a lunguna.

Mun iso Highbridge bayan la'asar, maƙwabciyata ta yi barcinta tun daga Queens. Abin da na koyo kaɗan ne: yanzu in an turo min abin tada hankali, sai in kashe sauti, in rufe rubutun da yatsa, in kalli abin da ke wurin. Bidiyon kuwa ban goge shi ba, nakan buɗe shi don in ga mai ruwan nan da titinmu. Amma wata biyar ɗin da Mama ke iya kiran sunana, ni na zubar da su da hannuna.