Kilishin da na kai wa malamin Rifkatu a Birmingham

Tun asuba muka bar unguwarmu Gorton, ni da wani ɗan cocinmu, ranar Talata da nake hutun aiki. Ban gaya wa Rifkatu muna zuwa ba, kuma da gangan na yi.

Rifkatu 'yata ce ta fari, shekararta ta ƙarshe ke nan a jami'a a Birmingham. Ta gama jarrabawa, ta miƙa project, wani kamfani ya ce zai ɗauke ta aiki in ta kai sakamako kafin ƙarshen wata. Sakamako shiru. In na tambaya sai ta ce, "Daddy, malamai na strike, they're not marking." Ni a aji shida na tsaya, amma na san yajin aiki. A gida in malaman jami'a suka tafi yaji, ƙofa ake garƙamewa, yara su kwaso katifa su dawo su yi wata shida suna cinye maka tuwo. To wane irin yaji ne makaranta a buɗe, yarinya ba ta dawo ba, takardarta kuma tana hannun namiji guda?

Abokin tafiyata shekara bakwai ya yi a kan digirin shekara huɗu a gida. Ya ce malami ba ya zama a kan takardar 'ya mace haka kawai: ko yana so a gan shi, ko yana son abin da ya fi wannan muni. Na sa kilishi da shadda yadi biyar a leda. In gaisuwa yake so, ga ta. In ɗayan ne, in ga idonsa.

Kuɗin coach, doguwar motar safa, fam goma sha biyu kowannenmu. Matar da ke gefena ta ce ita bakwai ta biya a waya. Kujera iri ɗaya, direba ɗaya. A babban titin M6 robobin gyaran hanya ne jere har inda ido ya ƙare, ban ga mutum ɗaya riƙe da shebur ba. Tun da na zo ƙasar nan ake gyaran titin nan. Da muka tsaya a hanya na tambayi shayi, aka ce kusan fam uku, na ce wa yarinyar da ke sayarwa ta gaida mai shagon. Muka buɗe fulas ɗinmu.

Daga tashar Digbeth muka hau bas zuwa Sparkbrook, unguwar da Rifkatu ke haya. Babban titinsu, Stratford Road, ya fi unguwarmu rai. Mu rabin shagunanmu an ja musu ƙarfe tun da gwamnati ta fara tsuke aljihu, nan kuwa masu kayan amare, masu zinari, masallaci, mai nama, kowa a buɗe. Rifkatu ta buɗe ƙofa ta gan mu, ta kasa ko gaisuwa. Ta rame. Na shiga ɗakinta na duba ko'ina, har ƙarƙashin gado, ba zan ɓoye ba. Littattafai ne kawai da kwalin indomi. Ta nuna min saƙonnin makaranta a waya, na ce wannan kowa zai iya rubutawa, ki kai ni wurinsa.

A bakin ƙofar makarantar muka sami malaman, wajen mutum talatin cikin yayyafi, da alluna da usur, wata tana raba kek. Ina neman mai tumbi da babbar mota, sai ta nuna min wani siririn Bature riƙe da keke, takalminsa ya sha ruwa har safa. Wai shi ne Daktan, malamin nata. Ya ce a makarantu biyu yake koyarwa, da awa ake biyansa, kwangilarsa za ta ƙare da zangon karatu, kuma tun da suka daina duba takardu ake yanke musu albashi. Ni ma agency, masu ba da hayar ma'aikata, nake wa shara, sai an kira ni nake sanin ina da aiki, don haka na gane yaren. Amma ban yarda ba tukuna. Mai rama ma yana da makogwaro.

Na miƙa masa ledar da hannu biyu, yadda ake yi wa malami.

Ya ja da baya ya ɗaga hannuwa kamar wuƙa na zaro. Rifkatu ta fizge ledar. "Daddy! So kake a kore ni?" Da Hausa ta faɗa, ita da Hausarta ba ta fitowa sai ranta ya ɓaci. Ta ce a nan duk wanda ya ba mai duba jarrabawa kyauta kafin sakamako, dole malamin ya kai rahoto, a zaunar da ɗalibi gaban kwamiti kan cin hanci, digirin ma yana iya tafiya. Mutum talatin na kallo.

Daktan ya juya yana kallon wata bas da ke wucewa. Ya ce mata, "Ki gaya wa babanki bas ɗin nan nake kallo tun ɗazu, ban ga komai ba."

Da ɗan Turancina na tambaye shi yaushe zai duba aikinta. Ya ce ya karanta, yana da kyau, amma ba zai sa maki ba sai ƙungiyarsu ta ce. Na ce ashe 'yata ce sandar da kuke dukan manyanku da ita. Ya ce e, haka ne, kuma bai ji daɗi ba. Wannan na ba shi: bai yi min ƙarya ba.

Muka ci miyar balti a Stratford Road, da burodin naan mai faɗin faranti. Abokina ya cinye rabi, yana nanata cewa da ba jama'a da Daktan ya karɓi ledar. Kilishin muka bar wa 'yan gidan hayarsu, shaddar ta biyo ni. A tasha ne kawai Rifkatu ta buɗe baki: "Daddy, da ka tambaye ni." Na ce na tambaye ki. Ta ce, "Ba ka saurara ba."

Kafin rana ta faɗi muna Gorton. Abin da na koyo: na tafi neman mutum ɗaya da zan riƙe wa kwala, babu shi a bakin ƙofar nan. Masu yanke albashin suna can sama inda ake da ɗumi, ba wanda ya nuna min ofishinsu, ba kuma 'ya'yansu ke jira ba. Ban yarda da su ba, malaman ma rabi na yarda. Wanda kuwa ya kusa hallaka karatun yarinyar nan a ranar, ni ne, da hannuna biyu. Kamfanin ya ƙara mata mako biyu. Yau saura kwana tara, kuma har yanzu in na kira, uwarta take cewa in ba wa wayar.